Waɗanda suka taɓa ganin Kogin Nilu ido da ido, ku ba mu labari

Abu Hafsa:
Salamu alaikum 'yan uwa. A wajen tafsiri malam ya zo kan ayar Suratul Ƙasas inda aka umarci mahaifiyar Annabi Musa (AS) ta jefa shi cikin kogi, ya ce Nilu ne, ya kuma kawo hadisin Muslim mai cewa Nilu da Furatu suna cikin kogunan Aljanna. To mu dai a littafi muke ji. Waɗanda Allah ya kai ƙafarsu, ya abin yake?

Ɗan Azhar:
Wa alaikumus salam Malam. Gaskiya in a tsakiyar Alƙahira za ka fara ganinsa jikinka zai ɗan yi sanyi, manyan otal ne dama da hagu, jiragen ruwa na ta sakin kiɗa da dare, ga leda da robar lemo da kainuwa sun taru a gefe. Ni abin da ya fi burge ni shi ne Miƙyas a tsibirin Rauda, wata rijiya ce mai matakala da ginshiƙin dutse a tsakiya an yi masa zane zane, tun 861 aka gina ta zamanin Abbasiyawa. Da ita ake auna cikar kogi, in ruwa ya kai kamu 16 an san bana za a ci abinci, da haka ma ake yanke haraji. Yanzu kam ta zama wajen kallo kawai, tunda aka gama dam ɗin Aswan a 1970 ambaliya ta daina isowa.

Ummu Salma:
Yaya ai ku ƙarshensa kuka gani, Nilu yana Hartum wallahi. Lokacin muna karatu kafin yaƙin 2023 ya koro mu, da yamma mukan je Mogran inda Farin Nilu da ya taso daga tafkin Biktoriya yake haɗuwa da Shuɗin Nilu na Habasha, kusa da tsibirin Tuti. Wajen watan Agusta na Habashan yakan zo da ƙarfi jajawur da laka, kamar an zuba kunun kanwa a gefen ruwan sanyi, su yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su gauraya ba sai can gaba. Masu shayi sun jera kujerun roba a bakin ruwa, ana ta hira har dare. Amma a 2020 ya nuna mana ɗaya fuskar, mutanen Tuti kwana suke suna jera buhunan yashi. Allah ya zaunar da Sudan lafiya.

Baba Alhaji:
Amin 'yata. Ku yara ba ku ambaci Mai Wurno ba, can Sudan kusa da garin Sinnar a bakin Shuɗin Nilu. Jama'ar da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa garin tare da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Na kwana a can, na ji Hausa da Fillanci a bakin masunta da masu noman rani.

Injiniya:
Ni ta fuskar aiki na kalle shi. Dam ɗin Aswan ya ba Masar lantarki da noma duk shekara, ba musu, sai dai lakar nan da Ummu Salma ke faɗa ita ce takin gonakinsu tun zamanin Fir'auna, yanzu a tafkin Nasir da ke bayan dam ɗin take kwanciya, manomi sai ya sayi takin zamani, can bakin teku kuma gishiri na cin ƙasa. Sannan kusan kashi 85 cikin ɗari na ruwan daga Habasha yake zuwa, shi ya sa dam ɗin da Habashawa suka fara a 2011 ya hana Misirawa barci. Na taɓa cewa wani direban tasi a Masar ai Habashawa ma suna da haƙƙi, bawan Allah ya kusa sauke ni a hanya, kuma har yau ban canza ra'ayi ba.

Maman Ilham:
Masu zuwa yawon buɗe ido ku wuce Aswan kawai, can ruwan yake garau. Ku hau faluka mai filafilai ba inji, amma a yi ciniki kafin a shiga, kuɗin na mutum ɗaya ne ko na jirgi duka, awa nawa, in ba haka ba a tsakiyar ruwa za a tayar da maganar. A ƙauyen Nubiyawa har kada suke ajiyewa cikin gida ana hoto, ni dai daga ƙofa na tsaya.

Abu Hafsa:
To ana ɗebo ruwan don neman albarka ne?

Ɗan Azhar:
Malam ruwan famfon Alƙahira ai daga shi ake tacewa, kullum shi muke sha muna alwala. Ɗanyensa kam kar ka sha, kar kuma ka shiga inda ya kwanta a magudanan gona, akwai tsargiya.

Injiniya:
Masu ɗiba suna Habasha. Kiristocin can suna zuwa Gish Abay, idon ruwan da suke ɗauka shi ne mafarin kogin, da jarkoki ake layi, ga tsofaffin majami'u a tsibiran tafkin Tana da sai da kwalekwale ake isa. Wasu tsibiran ma ba a barin mata su sauka, Maman Ilham sai ki tambaya kafin ki biya kuɗin jirgi.