Kogin Kuros da cinikin bayi a Kalaba: ina ake tsare bayin?

Malam Habu, Gwale:
Assalamu alaikum. Ina haɗa darasin tarihi ne ga ɗalibai. Ana lissafa Kalaba cikin manyan tasoshin fitar da bayi, amma babu wani gidan kaso na Turawa irin na Elmina a Gana. To a ina ake tsare mutanen kafin a tafi da su? Kuma Hausawa sun bi ta can?

Injiniya Sabo, Fagge:
Wa alaikumus salam, Malam. Fara buɗe musu taswira, amsar tana jikin kogin. Kuros ya taso daga tsaunukan Kamaru, inda ake kiransa Manyu, ya shigo Najeriya ta wajen Ikom, ya yi yamma, ya karya kudu a wajen Afikpo, ya wuce Itu ya faɗa teku. Tsawonsa bai kai kilomita 500 ba. Bakinsa kuwa faɗi gare shi, fiye da kilomita 20, duk tsibirai da fadamun ruwan gishiri. Ita Kalaba a kan wani kogin take mai sunanta, wanda ke haɗuwa da Kuros a nan bakin, kuma garin a kan tudu yake.

Saboda haka jirgin Bature yakan shigo har gaban gari ya tsaya cikin ruwa mai zurfi, babu igiyar teku. Jirgin shi ne shagon, shi ne kurkukun. Su kuma Efik, mutanen Kalaba, ba su yarda Bature ya gina ganuwa a ƙasarsu ba.

Hajiya Binta, Tarauni:
Injiniya ya yi daidai, bari in ƙara yadda cinikin ke gudana. Bashi ne tushensa. Kyaftin daga Libaful ko Biristol zai fara biyan kuɗin shiga ga manyan garin, sannan ya ba attajirin Efik kaya: sandunan tagulla, atamfa, bindigogi, albarushi, giya. Attajirin ya bar ɗansa ko wani ɗan'uwa jingina a jirgi, ya tura manyan kwale-kwale su hau kogi zuwa kasuwannin ciki irin su Itu. Can mutanen Arocuku, wani gari a ƙasar Ibo, ke kawo bayi, yawancinsu Ibo da Ibibiyo. Wanda ya ci bashi ya ƙi biya, ƙungiyar asiri ta Ekpe, mai zartar da doka a garin, ce ke hana kowa hulɗa da shi har sai ya biya.

Inda abin ke lalacewa shi ne jira. Jirgi kan yi watanni kafin ya cika, waɗanda aka fara lodawa suna ƙasa a ɗaure, atuni da zazzaɓi na cin su. Shi ya sa mace-mace a jiragen wannan yanki suka fi na sauran gaɓar yawa. Kyaftin mai wayo yakan daidaita zuwansa da kakar doya, don ita ce abincin hanya.

Kada ka tsallake 1767, Malam. A shekarar ne mutanen Atakpa, ɗaya daga garuruwan Efik na Kalaba, suka haɗa baki da kyaftocin Ingila, aka gayyato manyan Obutong, maƙwabtansu da suke takarar ciniki da su, wai sulhu, aka kashe ɗaruruwan mutanen Obutong a kan ruwa. Daga nan cinikin ya koma hannun Atakpa.

Malam Tijjani, Kurawa:
Batun Hausawa, akramakallahu, hanyarsu daban ce. Waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙen ƙasar nan, musamman bayan 1804, ta Nufe da Oyo aka gangara da su zuwa Ikko, Badagiri da Wida, aka ƙetara da su Bahiya a Barazil. Can suka shirya bore a 1807, kuma akwai su cikin Musulmin da suka tayar a Salbado, babban birnin Bahiya, a watan azumin 1835, ko da yake Yarabawa suka fi yawa. Wasu daga nan kasuwar Kurmi ta Kano arewa aka yi da su, ta Gat da Gadamas zuwa Tarabulus.

Kuma dokar Ingila ta 1807 mai haramta cinikin bayi ba ta tsayar da Kalaba nan take ba. Jiragen Sifen da Fotugal sun ci gaba da zuwa, sai a 1841 sarakunan garin suka sa hannu kan daina fitar da bayi. Waɗanda ke hannu aka mai da su gonaki da tuƙin kwale-kwalen manja.