Gwajin DNA zai iya raba uba da ɗan da aka haifa a gidan aure?

Uban Tagwaye: Salamu alaikum. Idan miji ya yi shakkar ɗan da matarsa ta haifa, ya yi gwajin DNA a ɓoye, sakamako ya ce ba nasa ba ne, alƙali zai cire masa nasabar yaron da wannan takardar? Auren Musulunci nake nufi.

Almajirin Zaure: Wa alaikumus salam. Ba zai cire ba. Ƙa'idar ita ce ɗa na mai shimfiɗa ne, wato mijin, muddin an haife shi bayan wata shida ko fiye da ɗaura aure, kuma haɗuwarsu mai yiwuwa ce. Ƙofar kore ɗa li'ani ce, kamar yadda ya zo a Suratun Nur, aya ta 6 zuwa ta 9: miji ya rantse sau huɗu a gaban alƙali, a ta biyar ya kira wa kansa la'ana in ƙarya yake, ita ma ta rantse huɗu, a ta biyar ta kira fushin Allah.

Inda maza ke faɗuwa shi ne lokaci. A Malikiyya, in ya ga ciki ko haihuwa ya yi shiru ba uzuri, ko ya kusance ta bayan ya sani, damar ta wuce. Wanda ya yanka ragon suna, bayan shekara bakwai ya zo da takardar gwaji, ya makara. Ana kuma so ya ce ta yi jini bayan kusantarsa ta ƙarshe, bai sake zuwa mata ba. In li'anin ya kammala, sun rabu har abada, yaro ya bi uwarsa, babu gado tsakaninsa da mijin. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, a Makka ta yanke a 2002 cewa ba a fifita DNA a kan li'ani, amma ta halatta shi a irin musayar jarirai a asibiti.

Barista Mai Hula: Allah ya gafarta Malam, haka yake. A babbar kotu kuwa, sashe na 165 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 yana ɗaukar duk wanda aka haifa cikin aure, ko cikin kwana 280 da mutuwar auren, uwar ba ta sake aure ba, a matsayin ɗan mijin har sai an kawo hujja. Sashe na 63 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya ba kotu ikon umartar a yi gwajin. Amma na ɓoye, lauyan matar tambaya ɗaya zai yi: wa ya shaida cewa yawun yaron nan aka kai? Shi ya sa kotu ke so ma'aikacin lafiya ya ɗauki samfurin da kansa, da katin shaida da hoto da sa hannu, a liƙe ambulan a gaban kowa.

'Yar Lab: Gwajin ma yana da tarko. Da tsinken auduga ake goge cikin kumatu, a bar minti 30 ba ci ba sha, jariri kuma ba nono. A bari ya bushe, a sa a ambulan na takarda, domin a leda fumfuna yake yi. Ana kwatanta gurabe 16 zuwa sama da 20 a cikin DNA ɗin yaron da na uban. Saɓani a gurbi ɗaya ba ya kore uba, don ƙwayar halitta takan sauya da kanta, sai an samu a gurabe da dama. In wanda ake zargi ƙanin mijin ne ko wansa, a faɗa tun farko a ƙara gurabe, a haɗa da samfurin uwar. Wanda aka yi wa dashen ɓargo kuma kada a yi da jininsa, na mai ba da ɓargon zai fito.

Uban Tagwaye: Na gode. To in ya yi li'ani, daga baya gwaji ya nuna ɗansa ne fa?

Almajirin Zaure: In ya ƙaryata kansa, nasaba ta dawo, da gado da ciyarwa, shi kuma haddin ƙazafi ya hau kansa, bulala 80. Matar dai ba ta komawa gare shi.