Shin wasannin horar da ƙwaƙwalwa suna ƙara wa yaro basira?

Malamar CM1, Garin Malam

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata makarantar firamare a nan Damagaram, kuma kowace shekara nakan sami yaran da ba daƙiƙai ba ne, suna gane bayani lokacin da ake yin sa, amma da zarar an ba su umarni mai gaɓa uku, misali su ɗauko littafi, su buɗe shafi kaza, su kwafe layi na biyu, sai su yi na farko su tsaya suna leƙen na kusa da su. A lissafi ma haka ne, domin abin da suka ajiye a ka wajen tarawa yakan ɓace kafin su kai ga lamba ta gaba. Ƙanen maigidana ya nuna mini wasu wasanni na waya da aka ce suna horar da ƙwaƙwalwa, ya kuma ambaci wata masaniya mai suna Susanne Jaeggi, wadda ya ce bincikenta ya tabbatar da amfaninsu. Wasu iyaye sun fara tambayata ko su biya kuɗin irin waɗannan wasanni. Ina roƙon wanda ya san aikin wannan mata ya yi mana bayanin abin da ta gano, da kuma ko ya dace in ba iyaye wannan shawara.

Ɗan Birni

Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kika kwatanta shi ne masana halayyar ɗan Adam suke kira ƙwaƙwalwar aiki, wato ƙarfin riƙe ɗan bayani a ka na wasu daƙiƙoƙi yayin da ake sarrafa shi. Alan Baddeley da Graham Hitch ne suka tsara bayaninta a Birtaniya a 1974. Wurin riƙon ƙanƙane ne ƙwarai: George Miller ya ƙiyasta shi da abubuwa bakwai a 1956, daga baya Nelson Cowan ya nuna a 2001 cewa ya fi kusa da dunƙule huɗu. Shi ya sa lambar wayarmu mai lambobi 8 take zama a ka idan an faɗe ta biyu-biyu.

Ita Jaeggi ta yi digirin digirgir a Jami'ar Bern ta ƙasar Suwizalan, sannan ta koma Jami'ar Mishigan a Amurka. A 2008 ita da Martin Buschkuehl da John Jonides da Walter Perrig suka wallafa binciken da ya sa sunanta ya bazu. Sun sa matasa yin wani wasa da zan kira wasan waiwaye. Wani ɗan akwati yana bayyana a wurare dabam-dabam a fuskar kwamfuta, a daidai lokacin kuma ana jiyar da mutum harafi a kunne, aikinsa shi ne ya danna maɓalli idan wurin akwatin ko harafin ya yi daidai da wanda ya wuce taki biyu ko uku a baya, kuma duk lokacin da ya ƙware sai a ƙara nisan waiwayen. An raba su rukuni-rukuni, wasu suka yi kwana 8, wasu 12, wasu 17, wasu 19. Sakamakon ya nuna cewa makinsu ya ƙaru a jarrabawar warware sabuwar matsala da tunani, kuma waɗanda suka fi daɗewa suna horon sun fi samun ƙari. Abin ya ta da ƙura, saboda a lokacin yawancin masana suna ganin wannan nau'in basira ba ya motsawa da horo na ɗan lokaci.

Sai dai ba a jima ba aka fara suka. Rukunin da aka kwatanta da su ba a ba su wani aiki ba, suna zaune ne kawai, alhali an san cewa wanda ya ji ana horar da shi yakan ƙara himma a jarrabawa ko da horon bai yi masa komai ba. A 2010 Adrian Owen da abokan aikinsa, tare da BBC, suka gwada mutum 11,430 na tsawon mako shida da wasanni iri-iri. Kowa ya ƙware a wasan da ya yi, amma ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa wasu ayyukan tunani ba. A 2013 Thomas Redick da abokansa suka maimaita wasan waiwayen, suka ba rukunin kwatanci wani wasa dabam, ba su ga ƙarin basira ba. A wannan shekarar Monica Melby-Lervåg da Charles Hulme suka tattara bincike 23, suka kai ga matsaya makamanciyar wannan.

Jaeggi ba ta bar fagen ba, kuma a ganina nan ne aikinta ya fi ban sha'awa. A 2011 ta gwada yara, sai ta ga cewa waɗanda suka ci gaba sosai a wasan ne kaɗai suka nuna ƙari a jarrabawar, don haka ta karkata tambayarta zuwa ga wane ne horon yake amfana da kuma dalilin haka, ta ci gaba da wannan a Jami'ar Kaliforniya da ke Irvine. A 2015 ita da Jacky Au da wasu suka tattara bincike 20, suka ce akwai ƙari amma ɗan kaɗan ne, masu suka kuma suka ce ƙarin yana raguwa ƙwarai idan aka ware binciken da ya ba rukunin kwatanci aikin yi.

Binciken da ya fi kusa da tambayarki an yi shi ne a Melbon ta Ostireliya, aka wallafa a 2016. An ɗauki yara 452 masu shekara 6 zuwa 7 da ke da raunin ƙwaƙwalwar aiki, rabinsu suka yi horon Cogmed, wani tsarin wasannin kwamfuta na horar da ƙwaƙwalwar aiki, kuma bayan shekara biyu ba a ga horon ya amfane su a karatu ko lissafi ba. A shekarar nan dai hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin Lumosity, mai sayar da wasannin horar da ƙwaƙwalwa, biyan dalar Amurka miliyan 2 saboda tallan da ya wuce hujja. Don haka ni ba zan ce wa iyaye su biya ba.

Tsohon Darakta, Sabon Gari

Ƴata Malama, bayanin da ya gabata ya yi daidai da abin da idona ya gani kafin in yi ritaya. Ki lura da yarinyar da take tallar goro a bakin Kasuwar Dole. Mai saye ya ɗauki na dala 130 ya miƙa mata jika, kafin ya mayar da hannu aljihu ta ƙirga masa dala 70, ba allo ba alli. Washegari a aji aka rubuta mata 1000 a cire 650, sai ta daskare. Kan nan guda ne, lissafin ma guda ne. A kasuwa ta saba har lissafin ya zame mata jiki, ba ya cin wuri a ka, a aji kuwa dole ta riƙe lambar da Faransanci, ta fassara wa kanta, ta tuna ƙa'idar aro, duk a lokaci ɗaya. Ki tuna cewa Faransanci yana faɗin 97 da kalmomi huɗu, wato huɗu, ashirin, goma, bakwai, kuma yaron da ya ji huɗu a farko sau da yawa har ya rubuta 4.

Abin da muke yi shi ne rage wa yaro kaya. A ba da umarni ɗaya, a jira a gama, sannan a ba da na biyu, ko a rubuta su a jere a gefen allo su zauna har ƙarshen darasi. Ajiyar lissafi a bar yaro ya rubuta ta ƙarama a saman lamba, kada a kunyata shi a kan haka. Jadawalin ninkawa kuma a haddace shi sosai, domin wanda 7 sau 8 yake fito masa nan take ya sami sararin tunanin sauran matsalar. Kafin komai kuma ki bincika ko yaron ya karya kumallo, ko yana ji da kyau daga bayan aji, ko zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi a ƙarshen damina, don na sha ganin an ɗora wa ƙwaƙwalwa laifin ciki.

Malamin Zaure

Na karanta bayananku, Allah ya ƙara sani, amma akwai abin da bai kwanta mini ba. Mu da muke tare da almajirai muna ganin yaro yana shan wuya kafin ya riƙe layi biyu a allo, amma bayan ya yi nisa sai ya riƙe sumuni guda a zama kaɗan, har a kai ga alaramman da zai rubuta izifi sittin da ka. Idan wannan ba horar da ƙwaƙwalwa ba ne, to mene ne? Yaya za a ce horo ba ya ƙara riƙo?

Ɗan Birni

Allah ya gafarta Malam, abin da kuka gani gaskiya ne, kuma masu binciken ba su musa shi ba. Horo yana ƙara ƙwarewa matuƙa a abin da aka horu a kai, gardamar tana kan ko ƙwarewar tana bin mutum zuwa wani fage dabam. A 1980 Anders Ericsson da William Chase suka ba da labarin wani ɗalibi a Jami'ar Carnegie Mellon wanda ya fara da riƙe lambobi 7, bayan horo na sama da sa'a 200 ya kai kusan 80. Ɗan tseren gudu ne, sai ya riƙa dunƙule lambobin yana ɗaukar su a matsayin lokutan tsere da ya sani. Da aka gwada shi da haruffa maimakon lambobi, sai ya koma wajen shida kamar kowa. Wurin riƙon bai faɗaɗa ba, dabarar dunƙulewa ce ta ƙaru, tare da tarin abin da ya riga ya sani.

Haka gardi yake. Ya saba da zubin ayoyi da ƙarshensu da wuraren da suke kama da juna, shi ya sa sabon darasi yake samun abin jingina a cikin tilawarsa. An ma yi bincike a kan wannan a Afirka ta Yamma: Sylvia Scribner da Michael Cole, a aikinsu tsakanin ƙabilar Vai ta Laberiya wanda aka wallafa a 1981, sun ga cewa masu karatun allo sun yi fice idan aka gwada su da jerin kalmomi ana ƙara ɗaya bayan ɗaya, wato yadda suka saba hadda, amma fifikon bai bayyana ba da aka sauya salon gwajin.

Malama, maganar Baba Darakta a kan harshe ma tana da tushe. An gano tun 1975 cewa mutum yana riƙe kimanin abin da zai iya furtawa cikin daƙiƙa biyu, kuma a 1980 Ellis da Hennelly suka nuna cewa masu harshe biyu a yankin Wales sun fi riƙe lambobi da Ingilishi, saboda sunayen lambobin ɗaya harshen sun fi ɗaukar lokaci a baki. Kina iya gwada wannan a ajinki ba tare da waya ba. Ki karanta wa yaro lambobi ɗai-ɗai, ɗaya a kowace daƙiƙa, ki sa ya maimaita su daga ƙarshe zuwa farko, ki fara da biyu kina ƙarawa har ya kasa, sau ɗaya da Hausa, sau ɗaya da Faransanci. Wanda ya yi nisa da Hausa ya tsaya da wuri a Faransanci, harshen ne za ki ƙarfafa masa, wanda kuwa ya tsaya da wuri a duka biyun, shi ne za ki matso da shi gaba ki riƙa gutsura masa umarni.