Ruwan lagireto na raguwa: ta ina yake zuba?

Wani direba ya kawo ƙorafi gareji a Ƙofar Ruwa, Kano, cewa kullum sai ya ƙara wa motarsa ruwa, makanikai suka yi ta ba shi shawara. Ga abin da na tsinta.

Duk bakinsu ya zo ɗaya cewa kada a buɗe murfin lagireto injin na da zafi, ruwan zai yi tsartuwa ya ƙona mutum. A shimfiɗa kwali ƙarƙashin mota ta kwana, da safe a ga inda ya jiƙe. Ruwa fari tas ta gefen fasinja yawanci na esi (na'urar sanyaya cikin mota) ne, ba matsala. Daga nan a bi tiyo-tiyo da wuraren ɗaurinsu, a nemi busasshen tabo fari, kore ko ja, a leƙa ƙasan wata-famfo, wato famfon da ke zagaya da ruwa cikin injin. Murfin kansa ma, in robarsa ta mutu, yakan zubar.

Inda aka daɗe shi ne in ƙasa a bushe take amma ruwa na tafiya. Babban makanikin garejin ya ce: "Alhaji, duba salansa." Farin hayaƙi mai kauri bayan injin ya ɗau zafi, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko kumfa na tasowa a lagireto, to gaskit ɗin kan injin, wato shimfiɗar da ke like tsakanin kan injin da jikinsa, shi ake zargi. A sa famfon gwajin matsi kafin a kwance komai.

Wani yaro ya kawo zancen fasa ɗanyen ƙwai a lagireto. An yi masa ca, kuma da gaskiyarsu, toshe hanyoyin ruwa yake yi.