Neman shawara: butar azurfa ta Turkawa ta yi baƙi, yaya zan wanke ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Akwai wata buta da tasarta a hannuna, an ce aikin Daular Usmaniyya ta Turkiyya ce. Jikinta duk zanen furanni, amma ta yi baƙi, mariƙin kuma yana girgiɗi. Yaya zan gane azurfa ce ta gaske, kuma da me zan wanke?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin wanki, nemi hatimi da gilashin ƙara girma: gindin butar, murfi, mariƙi, da leɓen tasar. Abu uku ake dubawa. Akwai tugra, sa hannun sarki mai sanduna uku a tsaye da da'irori biyu a hagu. Akwai ɗan hatimin "sah" da ajami, wato sahihiya ce. Sai wani karce mai lanƙwashe-lanƙwashe, wurin da mai awo ya kankari ƙarfen don gwaji, kar ka ɗauka lahani ne ka goge shi. Tugrar ita za ta ba ka zamani: idan ta Abdulmajid ce, 1839 zuwa 1861, ta Abdulhamid na biyu, 1876 zuwa 1909. Yawancin na wannan zamanin kashi 90 cikin ɗari azurfa ne. Mayen ƙarfe ba hujja ba ne: ba ya kama azurfa, amma jan ƙarfe ma ba ya kama shi. Idan ka ga ja yana leƙowa a inda hannu ya cinye, shafen azurfa aka yi wa jan ƙarfe.

Amsa ta 2: Don Allah ɗan'uwa kar ka kusanto da toka, yashi, tsamiya ko man goge baƙi. Duk suna cinye zanen. Abin da ya fi haɗari shi ne dabarar nan ta ruwan zafi da soda da takardar alminiyum. Turkawa suna cike ramin zane da wani baƙin haɗi da suke kira savat, na azurfa da jan ƙarfe da dalma da farar wuta. Garin Van ya yi suna a kansa. Farar wuta ce dabarar alminiyum ɗin take cirewa, ba ta bambance dauɗa da ado.

Ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke tukuna, ka tsane da tsumma mai laushi. Sannan kwaɓa lallausan garin alli da ruwa kamar koko, ka goga da auduga a wuri kamar faɗin farce, kana sauya audugar da zarar ta yi baƙi. Tudun zanen kawai za ka goge, baƙin cikin ramin shi ke fito da furen.

Amsa ta 3: Batun mariƙi: kar a like shi da dalmar gyaran rediyo. Tana shiga jikin azurfa, ranar da aka sake sa wuta sai ta huda wurin. Zafin wuta kuma na narkar da savat. Duba ko ƙusa ce ta saki, wannan maƙerin azurfa zai matse ta ba wuta. Wajen ajiya, naɗe ta da farin ƙyallen auduga, nesa da roba da ulu.