Wa ya taɓa hawa Chappal Waddi a cikinku?

Auta: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ni da abokaina biyu mun ƙulla niyyar hawa dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba a hutun ƙarshen shekara, in Allah ya kai mu. Ta ina ya fi a shiga, kuma wane irin takalmi za mu saya?

Ɗan Jalingo: Wa alaikumus salam. Ta Mambila. Daga Jalingo sai Bali, sai Serti, ku hau tsauni zuwa Nguroje, daga nan babur zuwa Njawai. Saura kuma tafiyar ƙasa ce. Amma ku tsaya Serti tukuna, a can hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take, ku karɓi izini a haɗa ku da ma'aikacin daji.

Bakano: Auta da ko Dala sai ya huta sau uku kafin ya kai sama 😂

Bazazzagi: Dala har dutse ne? Ya zo mu fara gwada shi a Kufena.

Kawu: Auta, karanta wannan da natsuwa, don ni na je kuma na sha wuya. Kuskurenmu na farko lokaci. Mun tafi a watan Oktoba muna ganin damina ta wuce tunda a gida an fara girbi, ashe a Mambila ruwa bai ɗauke ba. Babur ɗin da ya ɗauko mu daga Nguroje sau biyu muna sauka muna tura shi cikin taɓo. Na biyu, don mu rage kuɗi sai muka ɗauki wani saurayi da muka haɗu da shi a tasha, ya rantse ya san hanya kamar tafin hannunsa. Ranar farko lafiya lau, muka kwana a ruga, Fulani suka karɓe mu da kindirmo, Allah ya saka musu da alheri. Washegari da muka fara hawa sosai sai hazo ya sauko. Ba hazon hunturu da kuka sani ba, gajimare ne da kansa, mutum na gabanka taku goma ba ka ganinsa. Nan yaron nan ya rikice. Ya bi da mu ta wani gangare mai ciyawa da duwatsu masu santsi, inda dole ka kama da hannu ka ja jiki. Abokina ya zame, gwiwarsa ta bugi dutse, ta kumbura nan take. Ba mu da bandeji, ba mu da ko maganin ciwon jiki, waya kuma babu sabis. Wani makiyayi ne ya ji kiranmu ya fito da mu kan hanyar shanu. Daren nan mun kwana da jiƙaƙƙun kaya, haƙoranmu na kaɗawa har asuba. Ba mu kai sama ba, muka juyo, kuma na gode wa Allah da muka juyo. Bayan shekara biyu na koma a watan Janairu tare da ma'aikacin daji da ɗan dako daga ƙauyen, na kai har ƙololuwa lafiya. Dutse ɗaya ne, amma kamar ba shi ba.

Auta: Subhanallah. Gwiwar ta warke dai, Kawu?

Kawu: Ta warke, amma sai da ya yi kusan wata yana ɗingishi.

Maman Biyu: Ni fa ban ga abin da ake nema a kan dutse ba. Wurin da aka ce sunansa Gangirwal, wai dutsen mutuwa? Auta, Hajiya ta sani?

Auta: Ta sani Anti, ta ce in dai da jagora ta yarda.

Ɗan Agadas: Ku zo Bagzan ku ga dutse. Ƙololuwarsa Idukal Tagas mita 2,022, kuma a sama akwai ƙauyuka da lambuna.

Bazazzagi: Namu 2,419 ne, ya fi naku, sai haƙuri.

Ɗan Garwa: Naku ku da wa? Kan iyaka yake, ɓangare guda namu ne na Kamaru. In kuma tsawo ake so ku zo Buea, dutsenmu ya haura mita 4,000.

Bazazzagi: Kowane littafi ka buɗe shi ne dutse mafi tsawo a Najeriya, magana ta ƙare.

Likita: Ku bar gardamar nan mu amfani yaron. Ciwon da ƙarancin iska ke kawowa, wato ciwon kai da tashin zuciya da kasa barci, yawanci sai an haura mita 2,500 yake fara kama mutane. A Chappal Waddi haki za ka yi, amma abin tsoro shi ne sanyi da ƙishirwa da zamewa. Ba kamar Kilimanjaro ba mai mita 5,895, inda masu jagora ke ta ce maka "pole pole", wato sannu sannu. Kada ku sha ruwan rafi haka kawai, shanu na shiga ciki. Ku tafasa ko ku sa ƙwayar tace ruwa. Wanda ke da asma ko hawan jini ya ga likitansa kafin ya tashi.

Bakano: Guzuri fa? Ni dai kilishi da dabino.

Kawu: Ƙara da garin kwaki da ƙuli da sukari, ba nauyi kuma suna riƙe ciki. Ga butar shayi. Ganyen shayi kam a Kakara ake nomansa, kusa da hanyarku. Ku riƙe goro ko sukari na gaisuwa, duk rugar da kuka sauka a fara gaida jauro.

Malam: A tuna da sallah. Ku matafiya ne, kuna da rangwamen ƙasaru. Ku duba alƙibla tun rana na sama, don in gajimare ya rufe ba ka gane gabas.

Ɗan Jalingo: Kuma ku ciri kuɗi a hannu tun daga gari, ɗan babur da ɗan dako ba ruwansu da tiransifa. Ku tambayi halin tsaron hanya a Serti ranar da za ku wuce, kada ku dogara da labarin makon jiya, kuma ban da tafiyar dare.

Maman Biyu: Wai da gaske akwai manyan birai masu kama da mutane a dajin?

Ɗan Jalingo: Akwai Anti, amma a cikin kurmi ta wajen Gashaka suke, kuma gudun mutane suke yi.

Ɗan Garwa: Ni Disamba ban yarda da ita ba, ƙurar hunturu za ta rufe komai, ka sha wuya ka hau ba ka ga kwari ba. Nuwamba ta fi, ciyawa na kore.

Kawu: Nuwamba ƙasa ba ta gama bushewa ba, rafuka ma da sauran ƙarfinsu. Gara in rasa hoto da in ɗauko wani a kafaɗa.

Ɗan Garwa: Ƙarshen Nuwamba nake nufi, Kawu.

Auta: Na gode ƙwarai. Amma har yanzu ba wanda ya ce komai kan takalmin.

Likita: Mai rufe idon sawu, mai kaushin ƙasa, a ƙara lamba ɗaya saboda safa mai kauri. Ko na gwanjo ne ya yi. Ka fara yawo da shi tun yanzu, kada ka tafi da sabo fil.

Bakano: To Auta, Asabar da asuba a Goron Dutse, ka zo da takalmin da jaka a baya mu gani.