Ragowa ko Rara? Neman Sunan Waƙoƙin da Ba Su Samu Shiga Kundi Ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kishin harshe. Kwana uku ke nan da na kawo muku cigiyar wata kalma, kuma na karanta duk abin da kuka rubuto, Allah ya saka da alheri. Ga waɗanda ba su ga farkon zancen ba, ina cikin rubuta taƙaitaccen tarihin ƙungiyar makaɗan nan ta Amurka mai suna Metallica ne, sai na iso kan wani ƙaramin faifai da suka fitar a 2011, Beyond Magnetic, alƙalamina ya tsaya cak. Turawa suna kiran irin waƙoƙin da ke cikinsa outtakes, shi kuma faifan suna ce masa companion release, ni kuwa ban yarda in kwaso kalmomin nan biyu in jibge wa mai karatu ba, alhali na tabbata Hausa ba ta rasa abin da za ta kira su.

Sai an san abu ake raɗa masa suna, don haka ga yadda lamarin ya faru. Ƙungiyar ta shiga situdiyo tare da furodusa Rick Rubin ta ɗauki waƙoƙi 14, amma da kundin Death Magnetic ya fito a watan Satumba na 2008, guda 10 ne a cikinsa. Waɗannan goman kaɗai sun kai kusan minti 75, faifan CD kuwa ba ya ɗaukar fiye da kimanin minti 80, su kuma huɗun da aka bari idan an haɗa su sun kusa rabin awa, saboda haka ko da an so a saka su babu wurin da za su shiga. Suka zauna a ajiye shekara uku, sai a watan Disamba na 2011, lokacin da ƙungiyar ke bikin cika shekara 30 da kafuwa, ta yi wasa dare huɗu a zauren Fillmore da ke San Francisco, kowane dare ta rera ɗaya daga cikin huɗun, sannan ta sake su tare ta intanet ranar 13 ga watan, faifan ya biyo baya a Janairun 2012. Ko tacewar ƙarshe ba a yi wa sautin ba, an fitar da shi yadda aka haɗa shi tun wancan lokaci.

Kalmar da ta fi samun magoya baya a cikinku ita ce ragowa, kuma Malamin da ya fara kawo ta ya kafa hujja da cewa ita ce kowane Bahaushe zai gane ba tare da bayani ba. Malam, Allah ya ƙara sani, maganarka gaskiya ce ta wannan fuskar, amma ina roƙon ka dubi abin da Bahaushe zai gane ɗin. A bikin ƙanwata na tsaya a bakin madafi bayan baƙi sun watse, ina kallon mahaifiyarmu tana raba abin da ya saura gida biyu. Kwanukan da suka dawo daga zaure, waɗanda hannu ya shiga, miya ta cakuɗe da tuwo, ga ƙasusuwan nama a gefe, ta ce a juye a bokiti a kai wa dabbobi, wannan ita ce ragowa. Babbar tukunyar shinkafa kuwa, wadda aka kwashi kashi biyu cikin uku aka bar sauran da zafinsa, ta buɗe ta ce an yi rara, ta sa aka ɗauko kwanuka masu murfi aka zuzzuba, aka aiki yara gidajen maƙwabta. Babu wanda ya ji kunyar karɓar wannan kwanon, domin abincin da baƙi suka ci ne, cikinsu ne bai isa ya ɗauke shi duka ba. Idan na rubuta cewa Beyond Magnetic ragowar waƙoƙi ce, na riga na yanke wa waƙoƙin hukunci kafin mai karatu ya saurare su, kuma wannan ba aikin mai neman kalma ba ne.

Su kansu makaɗan ba sa yarda da wannan rainin, kuma misalin System of a Down ya ishe mu. Wannan ƙungiya ta Amurkawa 'yan asalin Armeniya ta ɗauki waƙoƙi sama da 30 lokacin da take shirya kundin Toxicity na 2001, ta fitar da ƙasa da rabinsu. A 2002 sai wasu daga cikin waɗanda aka ajiye suka ɓulla a intanet ba da izininta ba, ba a ma kammala su ba, mutane suna yaɗa su da sunan Toxicity II. Ƙungiyar ta koma ta ƙarasa aikin, ta fitar da waƙoƙi 16 a watan Nuwamba na shekarar da sunan Steal This Album!, wato tamkar tana cewa saci wannan kundin, ta kuma yi faifan kamar wanda mutum ya kwafa a gida ya rubuta suna da alƙalamin maka. Abin da 'yan ƙungiyar suka riƙa nanatawa shi ne waɗannan waƙoƙi ba su gaza na Toxicity ba, tsarin kundin farko ne bai karɓe su ba. Kalmar da za mu zaɓa dole ta bar wa irin wannan magana wuri.

Kwantai ba ta shiga ba, domin kwantai kayan da aka kai kasuwa ne aka rasa mai saye, waɗannan kuwa ba su taɓa fita daga gida ba. Tsaki da dusa suna da ciwon ragowa, har sun fi ta. Gyara, wato ɗan ƙarin da mai awo ke ɗora wa mai saye a kan mudu, kalma ce mai kyau ƙwarai, amma gurbinta daban: ta dace da waƙa ɗaya ko biyu da ake ƙarawa a ƙarshen kundin kansa idan an sake buga shi.

Kala ce ta fi tsayar da ni, kuma ina gode wa Malamar da ta kawo ta. Duk wanda ya tashi a karkara ya san kalar gyaɗa, yadda bayan mai gona ya cire amfaninsa ya tafi, mata da yara ke shiga da 'yan kwanduna suna tona ƙasa suna tsintar abin da ya maƙale. Na daɗe ina juya ta, har na gane cewa tana nufin wani abu na kusa da namu amma ba shi ba. A kala, girbi ya ƙare, kuma abin da ake tsinta ba a wuri ɗaya yake ba. Wannan shi ne kundin Coda na ƙungiyar Led Zeppelin ta Ingila, wanda ya fito a 1982 bayan mai gangarsu John Bonham ya mutu a 1980 ƙungiyar ta watse: waƙoƙi 8 ne da aka tsinto daga shekaru daban-daban na rayuwar ƙungiyar. Shi kam kala ce, kuma zan kira shi haka duk inda na ambace shi, ko da yake a rubuce kalmar tana kama da kala ta launi, sai mai rubutu ya taimaka wa mai karatu da jimlar da ke kewaye da ita. Amma Metallica tana nan da ranta lokacin da ta fitar da nata, ita ta ajiye waƙoƙin da saninta, kuma daga zama ɗaya suka fito. Haka nan ɗumame da wani ɗan'uwa ya ambata yana da nasa gurbin, wato tsohon aikin da aka ɗauko aka sake ɗora wa murya da jita, kamar yadda makaɗan Rolling Stones na Ingila suka yi a kundin Tattoo You na 1981 da waƙoƙin da wasunsu tun 1972 aka fara ɗaukarsu.

Saboda haka na tsaya a kan rara. Kalma ce da muke amfani da ita kullum ba tare da raini ba: rarar kuɗi bayan an gama cefane, rarar bulo bayan an gama gini, rarar yadi da tela ke naɗewa ya mayar wa mai ɗinki. A duk waɗannan, abin da ya saura iri ɗaya ne da abin da aka yi amfani da shi, buƙata ce ta cika kafin a iso kansa, kuma ba wanda ya ce ya fi ko ya gaza. Idan waƙoƙin suna da daɗi, rara ce. Idan ba su da daɗi, har yanzu rara ce, sai mai sharhi ya faɗi ra'ayinsa da bakinsa.

An yi mini gyara mai muhimmanci a nan, kuma na karɓa. Wani ya lura cewa idan aka ce waƙoƙin rara a rediyo, kunnen Bahaushen yau zai ji waƙoƙin Rarara, wato mawaƙin siyasar nan Dauda Kahutu, kuma wannan ruɗani ne na gaske da ba za a yi watsi da shi ba. Maganinsa shi ne a sa kalmar a gaba, a ce rarar waƙoƙi, kamar yadda dama muke cewa rarar kuɗi ba kuɗin rara ba. Da wannan tsarin babu kunnen da zai ɓace.

Sauran aiki shi ne rabi na biyu, wato sunan faifan da ke tafe a gefen babban kundi. An kawo kundin rakiya, kuma da farko ta burge ni, musamman da na tuna makaɗan Red Hot Chili Peppers na Amurka, waɗanda suka fitar da I'm With You a 2011, suka riƙa sakin waƙoƙi 17 da suka saura a ƙananan faya-fayan garmaho tsakanin 2012 da 2013, sannan suka tara su a ƙarshen 2013 da sunan I'm Beside You. Na farko yana cewa ina tare da kai, na biyu yana cewa ina gefenka. Sai dai ɗan rakiya a bakin mutanenmu ya zama wanda ya shiga takara ko gasa ba don ya ci ba, raini ya sake dawowa ta bayan gida. Ƙanen kundi ma na gwada, na ga duk kundin da ya biyo baya ƙane ne, har da Hardwired... to Self-Destruct da Metallica ta fitar a 2016, wanda ba shi da haɗi da zaman ɗaukar Death Magnetic.

Tagwaye kuwa tana da gidanta, kuma bai kamata a raba ta da shi ba. Ƙungiyar Radiohead ta Ingila ta ɗauki waƙoƙin Kid A da na Amnesiac a zama guda tare da furodusa Nigel Godrich, ta yi tunanin haɗa su a kundi mai faifai biyu, daga baya ta raba su, na farko ya fito a Oktoban 2000, na biyu a tsakiyar 2001, kuma ta ƙi yarda a ɗauki na biyun a matsayin abin da na farko ya bari. Waɗannan Hasan da Husaini ne, kowanne cikakken kundi ne mai tsayawa da ƙafarsa. Da aka haɗa su aka sake bugawa a 2021 da sunan Kid A Mnesia, an ƙara faifai na uku mai ɗauke da abin da ba a taɓa fitarwa ba daga wancan zaman, to wannan na ukun shi ne rara. Ina ganin misali ɗaya ya nuna iyakar kalmomin biyu a fili.

Da na gaji da gwaje-gwaje sai na lura cewa nauyin da nake ƙoƙarin ɗora wa sabuwar kalma, nahawun Hausa ya riga ya ɗauke shi. Turawa suna buƙatar kalma ta musamman don su nuna cewa wannan faifan na wancan ne, mu kuwa harafin nasaba da ke ƙarshen kalma yana yin aikin: rarar wane, rarar kaza. Idan na ce rarar Death Magnetic, na faɗi cewa waƙoƙin sun saura, na faɗi inda suka saura, na kuma faɗi cewa tare aka ɗauke su, duk a kalmomi uku. Idan kuma ana maganar irin faifan ne gaba ɗaya ba tare da ambaton wani kundi ba, sai a ce kundin rarar waƙoƙi. Mawaƙanmu ma da ke buga waƙa a situdiyo su zaɓi wasu su bar wasu a kwamfuta za su iya ɗaukar kalmar yadda take ranar da suka ga damar sakin abin da suka ajiye.

Ga jimlar yadda na rubuta ta a tarihin da nake shiryawa, ina roƙon Malam da Malama da sauran 'yan'uwa ku karanta ta da ƙarfi ku ji ko harshe ya yi tuntuɓe a wani wuri kafin in wuce babi na gaba: A watan Disamba na 2011 Metallica ta fitar da Beyond Magnetic, rarar Death Magnetic, mai ɗauke da waƙoƙi huɗu da ta ɗauka tare da na babban kundin ta ajiye har shekara uku.